Motar kuran a gangare: P kaɗai ta isa ko sai an sa firen a men?

Maman Hadiza: Assalamu alaikum ƴan uwa, ina kwananku. Don Allah masu sanin mota ina da tambaya. Maigidana ya sayo motar kuran, irin wadda ba ta shan esansi sam, mu kuma a Yantala muke wajen da hanya ke gangarawa bakin kogi. In ya tsaya buton P na ajiye mota kawai yake dannawa ya fita abinsa, ni kuma a oto-ekol an koya mini a ja firen a men, wato birkin hannu, sannan a bar mota cikin bitesi. To wannan ba sandar ja, ba bitesin da za a bar ta a ciki, mene ne ke riƙe ta? Kuma in batiri ya ƙare cikin dare ba za ta sulale ba? Yara na wasa a ƙasan layinmu shi ya sa abin ke damuna

Taksiman Gamkalle: Wa alaikumus salam Hajiya. Kwantar da hankalinki, P ai P ce, ko a otomatik ta esansi haka muke yi, ka sa P ka fita shi ke nan. Ita ta kuran ma motar ɗin, wato injinta na lantarki, shi ne ke riƙe tayoyi da ƙarfin wuta

Ɗalibin Harobanda: Yaya Taksiman a yi haƙuri, nan na ƙarshen ba haka ba ne. In aka kashe motar kuran babu wutar da ke zuwa ga motar ɗin kwata-kwata, babban batiri ana yanke shi ne. Shi motar ɗin na lantarki kuma in babu wuta juyawa yake yi salin alin, ba shi da fiston ba shi da matsin iska. Motar esansi mai bitesin hannu abin da ke riƙe ta in ka bar ta a na ɗaya shi ne matsin da ke cikin silinda, dole sai an murɗa injin gaba ɗaya kafin taya ta motsa. Ta kuran ba ta da wannan. Don haka tambayar Hajiya tana kan hanya, dole akwai wani ƙarfe da ke riƙe ta, ba wuta ba

Taksiman Gamkalle: To ai na ga in an tsaya a fe ruj ko hawa ne ba ta komawa baya ko ka ɗaga ƙafa

Ɗalibin Harobanda: Wannan daban ne yaya, lokacin mota a kunne take. Za mu zo kansa

Patron Garaji Wadata: Salamu alaikum. Bari in sa baki tunda abin ya zo ta wajen sana'armu. Hajiya abubuwa biyu ne mutane ke haɗawa wuri guda, alhali kowane da aikinsa kuma kowane da inda yake zaune a jikin mota.

Na farko P. A cikin bwat, wato akwatin bitesi, akwai wani faifan ƙarfe mai manyan haƙora a gefe, yana juyawa tare da sandar da ke kai ƙarfi ga tayoyi. Kusa da shi akwai ɗan ƙarfe mai ƙugiya a baki, mu a garaji sakata muke ce mata, tsawonta bai wuce na yatsa da ɗan wani abu ba. In ka sa P sai ƙugiyar ta faɗa tsakanin haƙora biyu, faifan ya kasa juyawa, tayoyin da ke jan mota su ma su kasa. Shi ya sa in ka sa P a gangare ka ɗaga ƙafa za ka ji motar ta ɗan zame kamar taƙi ɗaya sannan ta tsaya cak, wannan zamewar haƙori ne ke tafiya har ya daki ƙugiya. Motocin kuran da yawa suna da wannan sakatar duk da ba su da bitesi iri-iri, don suna da ƙaramin bwat mai bitesi guda da ke rage gudun motar ɗin kafin ya kai taya. Nissan Leaf tana da ita, Prius ma da muka saba gani tana da ita, bambancin kawai maimakon hannunka ya tura ta da kabl, ɗan ƙaramin motar lantarki ne ke tura ta in ka danna buton.

Na biyu firen a men. Shi bai san bwat ba, a tayoyin baya yake, yana matse plaket, wato takalman birki, a jikin diskin da ke juyawa tare da taya. A da kabl ne ka ja da hannu ka ji ƙarar taratat, yanzu a sababbin motoci kowane etriye na baya, wato ƙarfen da ke riƙe da plaket, an ɗaura masa ɗan motar da ke murza wani dogon bul mai zare, bul ɗin ya tura fiston, fiston ya matse plaket. In kika tsaya bayan motar lokacin da Alhaji ya danna za ki ji wani zzzz na daƙiƙa ɗaya ko biyu daga wajen tayoyin baya, shi ke nan ya kama

Maman Hadiza: Wallahi ina jin wannan ƙarar Patron, na ɗauka wani abu ne ya lalace har na ce masa ya kai a duba

Patron Garaji Wadata: A'a lafiyarta lau Hajiya, ranar da ba ki ji shi ba ita ce ranar damuwa

Ɗan Ader: Ku dai ku yi ta bayani. Ni shekara da shekaru ina bin hanyar Tawa zuwa Keita da Buza, duwatsu da gangare ba irin wanda ban gani ba, kuma har gobe ban yarda da birkin da ba ni jin nauyinai a hannuna ba. Kabl in ya saki kana ji, sanda ta yi sama da yawa ka san lokacin gyara ya yi. Wannan na buton hwa? ka danna ka tahi ka bar dukiyarka ga amanar waya. In wuta ta ɗauke sai ya saki mota ta bi gangare. Ni ko wace iri ce sai yaron mota ya sa dutse ƙarƙashin taya

Ɗalibin Harobanda: Kawu Ɗan Ader dutsen nan ban raina shi ba, manyan kamiyo ma da kal ɗinsu na tokare taya suke yawo. Amma maganar in wuta ta ɗauke ya saki, ba ya saki. Zaren bul ɗin da Patron ya faɗa irin na kirik ne da muke ɗaga mota da shi, ka murza mota ta hau, ka saki hannu ka tafi shan shayi, nauyin mota ba ya iya murza shi baya. Wuta ana bukatarta ne lokacin ɗaurewa da lokacin kwancewa kawai, tsakanin nan ko an cire batiri an kai Katako an sayar firen na nan a matse. Kuma ba alherin masu ƙera mota ba ne, doka ce. Ƙa'idar birki ta Majalisar Ɗinkin Duniya da Turai da Japan ke bi ta ce firen ɗin ajiye mota dole ya riƙe ta da ƙarfe zalla, ba da wuta ko matsin mai ba, kuma ya riƙe ta da kayanta a gangaren kashi 20 cikin 100, ko ta fuskanci sama ko ƙasa. Wato hanyar da a kowane mita 100 take hawa mita 20. Ta Amurka ma kashi 20 ɗin ce, na minti 5 a wajen gwaji. Wannan gangare ne sosai kawu, gudron cikin gari ba kasafai yake kai haka ba

Ɗan Ader: Gwajin da an ka yi da sabuwar mota bisa kwalta mai kyau. Zo ka gwada da plaket da ta cinye, bisa tsakuwa

Ɗalibin Harobanda: Nan kam gaskiyarka kawu. Firen taya yake riƙewa, ba ya riƙe ƙasa. In taya ta kulle amma tsakuwa ko laka na zamewa ƙarƙashinta mota za ta ja jiki ko wane irin firen ne

Alhaji Mai Piyes Katako: Ni abin da zan ƙara, matsalar da muke gani a kasuwa akasin tsoron Ɗan Ader ce. Ba sakin mota yake ba, ƙin sakinta yake. Motar kuran batiri biyu gare ta, babban da ke ƙarƙashi mai jan mota, da ƙarami mai bolt 12 irin na kowace mota, shi ke kunna kwamfuta da fitilu da makullan ƙofa da wannan firen ɗin da sakatar P. To zafin Yamai kun san yadda yake cin ƙaramin batiri, watan Afrilu da Mayu sama da digiri 40 kusan kullum, ranar da ya mutu ko babban na cike taf motar ba ta kunnuwa, ba ta fita daga P, firen ba ya kwancewa, ko mutum goma suka taru ba su tura ta. Sai an kawo wani batirin an haɗa mata da kabl ta farfaɗo tukuna

Taksiman Gamkalle: Kai, ashe motar kuran ma ana yi mata haɗin batiri

Alhaji Mai Piyes Katako: Sosai ma. Amma ƙaramin ake haɗawa, kada wani ya kuskura ya taɓa manyan wayoyin nan masu launin lemu, ɗaruruwan bolt ne a ciki, kisa suke

Maman Hadiza: To yanzu Patron tamu wanne take da shi, sakatar ko na tayoyin baya ko duka? Don shi buton guda kawai nake ganin yana dannawa

Patron Garaji Wadata: Yawwa Hajiya, nan ne gizo ke saƙar, don ba duka motoci suka zama ɗaya ba kuma mutane na sayowa ba su tambaya. Akwai wadda in ka danna P sakata kawai take faɗawa, firen sai ka sa shi da kanka, wasu Leaf ma fedal ne na ƙafa can gefen hagu, wasu ɗan buton mai alamar P cikin da'ira. Akwai wadda in ka danna P ko ka kashe ta take sa duka biyun da kanta. Akwai kuma Tesla, ita ba ta da sakatar ma gaba ɗaya, P ɗinta shi ne firen ɗin tayoyin baya, ba wani abu a bwat. Tunda kin ce kina jin zzzz in ya danna to taku tana ɗaure na baya da kanta, amma kada ku tsaya ga kunne, ku duba tablo, in firen ya kama akwai jar alama da ke fitowa, P cikin da'ira ko alamar motsin rai cikin da'ira. Harafin P fari ko kore da ke layi ɗaya da R da N da D shi bitesi kawai yake nunawa, ba shi ne shaidar firen ba. Kuma a wasu motocin wannan ɗaurewa da kai ana iya kashe ta cikin menu, mai motar farko ya kashe kai ba ka sani ba, musamman motocin da suka zo okaziyo tablo ɗinsu da Sinanci ko Japananci

Ɗan Ader: To ita Tesla da abu guda ta dogara kenan. In ya lalace hwa?

Ɗalibin Harobanda: Motar ɗin biyu ne kawu, kowace tayar baya da nata, kuma in ɗaya ya samu matsala tana rubutawa a allo. Amma ni ma a raina na fi son mai duka biyun, musamman mai jan gaba irin Leaf, sakata ta kulle tayoyin gaba firen ya kulle na baya, tayoyi huɗu kenan ke riƙe da ƙasa maimakon biyu

Taksiman Gamkalle: Ni fa har yanzu ban ga laifin P kaɗai ba. Shekaru ina tuƙa otomatik ban taɓa jan firen a men ba kuma ba ta taɓa tafiya ba

Patron Garaji Wadata: Ƙanena a fili ba laifi, mafi yawan Yamai shimfiɗe take shi ya sa kake tsira. Amma ka taɓa ajiye ta a gangaren korniche ka dawo ka ja lebiye daga P ka ji ya yi tauri sannan ya fita da ƙara gam? Wannan nauyin motar ne gaba ɗaya ya kwanta kan ƙugiyar nan guda, kana fizge ta da ƙarfi daga cikin haƙori. Motar kuran kuma ta fi ta esansi mai girmanta nauyi saboda batiri, ɗaruruwan kilo ne ƙari. Ƙarfen na da ƙwari ba na ce yau ko gobe zai karye ba, amma bakinsa na cinyewa, kuma in wata mota ta daki taka tana ajiye ita ce ke shan dukan, gyaranta kuwa sai an sauke bwat an buɗe, plaket kuma aikin awa ɗaya ne.

Ga wanda ya fi wannan haɗari, kuma shi nake so kowa ya riƙe. Sakata ba tayoyin take kullewa kai tsaye ba, sandar da ke gaban diferansiyel take kullewa. Diferansiyel kuma aikinsa ya bar taya ɗaya ta juya daban da ɗayar. To in ka sa kirik ka ɗaga taya ɗaya daga cikin masu jan mota, ko ɗaya ta hau laka mai santsi, wadda ke sama sai ta juya baya wadda ke ƙasa ta juya gaba, mota ta gangara alhali tana cikin P, ta sauko daga kan kirik. Masu canza taya a bakin hanya da masu bulkanizate don Allah ku ji wannan, P kaɗai ba ta isa a shiga ƙarƙashin mota ba, a sa firen a sa kal gaba da bayan tayar da ke ƙasa

Ɗan Ader: Alhamdu lillahi an dawo ga dutsena

Patron Garaji Wadata: An dawo Alhaji, a wajen kirik dutsenka wajibi ne. Tsarin da nake koya ma yarana a gangare kuwa shi ne, ka taka firen ɗin ƙafa ka tsaya, ƙafarka na kai ka sa firen a men, ka sassauta ƙafa a hankali mota ta zauna kan firen ɗin, sannan ka sa P. Haka nauyi na kan plaket, sakata na zaman jiran ko ta kwana. In akwai bordir ka karya sitiyari yadda in ta motsa taya za ta dake shi ba ta bi titi ba

Hajiya ta Plato: Sannunku da ƙoƙari, ina ta karantawa. Tawa ba ta kuran ba ce amma tana da buton da aka rubuta Auto Hold, in na tsaya a ambutiyaj na gadar Kennedy ina ɗaga ƙafa ta tsaya da kanta. Shi ma firen a men ne?

Ɗalibin Harobanda: A'a Hajiya, wannan ne abin da na ce ma yaya Taksiman za mu zo kansa. Shi matsin man birki ne, kin taka kin tsaya sai na'urar ABS, mai hana taya kullewa in an taka birki, ta rufe hanyar man ta riƙe matsin a tayoyi, kina taɓa akselerate ta sake. Wasu motocin kuran kuma da motar ɗin kansa suke riƙewa na ɗan lokaci, suna ba shi wuta daidai yadda ba zai yi gaba ko baya ba. Duka biyun sai mota na kunne, na tsayuwar fe ruj ne ba na ajiye mota ba. Yawancinsu in an daɗe a tsaye ko kin cire bel ko kin buɗe ƙofa suna mayarwa kan firen ɗin baya da kansu, amma ban ba kowa shawarar ya dogara da haka ya fita ba. Motar kuran ba ta da ƙarar inji, tana kunne cikin D shiru kamar an kashe ta, mutum ya sauka buɗe get yana ganin ya ajiye ta. Ko a motocin esansi an ga irin wannan, a 2016 an janye motoci sama da miliyan 1 ciki har da Jeep Grand Cherokee saboda lebiyensu na lantarki yana komawa tsakiya bayan an tura shi, mutane na fita suna zaton suna P alhali ba su ciki, a shekarar ma wani ɗan wasan fim a Amurka motarsa ta gangaro ta matse shi a ƙofar gidansa ya rasu. Don haka ido kan tablo kafin ƙafa ta taɓa ƙasa

Hajiya ta Plato: Innalillahi. To ni wallahi na sha sauka buɗe get a haka, daga yau P

Alhaji Mai Piyes Katako: Sai dai ku faɗa musu na damina ma. Motar kuran ba ta cika amfani da plaket ba don motar ɗin ne ke rage gudu yana mayar da wuta batiri, to diski na yin tsatsa da wuri, na baya ma ya fi. In ka bi ruwa watan Agusta ko ka fito daga labaj ka ɗaure firen a jiƙe ka bar ta kwanaki, plaket na mannewa da diski, ranar tashi ka ji ƙarar ɓas kafin ta saki. Kafin ka ajiye ka ɗan taka birki da ƙarfi sau biyu uku a hanya ya yi zafi ya bushe

Patron Garaji Wadata: Haka ne Alhaji. Kuma ƴan uwana masu gyara, plaket ɗin baya na irin wannan firen ba a tura fiston ɗinsa da ƙarfi kamar na da, sai an sa motar a yanayin gyara ta menu ko da na'urar diyagnostik bul ɗin ya koma baya tukuna, in ka matse shi da ƙarfi ka kashe etriye, kuma ba arha gare shi ba

Ɗan Ader: Tambaya guda ta rage mini. Na kabl in birkin ƙahwa ya ƙi bisa hanya kana ja a hankali ka tsaida mota. Na buton hwa, in ka danna kana gudu ba sai ta kulle ta juya da kai ba?

Ɗalibin Harobanda: An yi tunanin wannan kawu, abin ba sabo ba ne, tun 2001 BMW ta fara sa shi a manyan motocinta. In mota na gudu taɓawa ɗaya ba ta kulle taya, sai ka ja buton ɗin ka riƙe, a Tesla ka danna P ka riƙe, sai motar ta rage gudu da kanta ba tare da ta bar tayoyi sun kulle ba, kana saki ta saki. Ita kuma sakatar P ba ta shiga in ana gudu, kwamfuta ba ta yarda, ko a tsofaffin otomatik ma ƙugiyar tsalle take kan haƙora tana ƙara har sai gudu ya ragu sosai

Ɗan Ader: To na ji. Ni dai hannuna ya saba da sanda, amma wanga na riƙewa ban san shi ba sai yau

Taksiman Gamkalle: Patron in ta mutu a hanya fa, a ɗaura mata igiya taksi ya ja ta zuwa garaji?

Patron Garaji Wadata: Kada ka fara. In firen ko P na ciki tayoyi za ka ja a ƙasa su cinye, in ma ka samu ka fitar da ita, tayoyin da ke haɗe da motar ɗin in suna juyawa da nisa motar ɗin na haifar da wuta yana zafi, yana iya lalata kayan lantarkin. A fara farfaɗo da ƙaramin batiri, a sa ta N ko yanayin ja da ke cikin menu, a tura ta a hankali ta hau bayan depanez mai shimfiɗa, wato motar ɗaukar mota, a ɗaure tayoyi huɗu da bel. In ƙaramin batirin ya ƙi tashi sam sai a sa ƴan tayoyin nan na ƙarfe ƙarƙashin waɗanda suka kulle a ja ta sama da winci